Babi na Shida: Farfela da Kusurwarta a Motar da Aka Ɗaga

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a duk garejin da ake gyaran Hilux da Land Cruiser: an sa wa farfela sabon kuros, ba a rufa wata biyu ba ya sake ci. Mai mota ya ce bakanike ya sa masa jabu, bakanike ya ce laifin mai sayar da kaya ne, mai kaya kuma ya rantse da Allah na kamfani ya bayar. Sau da yawa bakaniken da mai kayan duk gaskiyarsu suke faɗa. Da wani zai sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar, zai tarar an ƙara mata sifirin uku ko huɗu, ko an cusa bulon ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, ta tashi sama da kusan taƙi guda. Tun ranar da aka yi wannan aiki farfelar take juyawa a karkacen da ba a ƙera ta dominsa ba. Kuros shi ne wuri mafi rauni a layin, don haka shi yake fara mutuwa, kuma ko sau goma aka canza shi zai sake mutuwa muddin karkacen yana nan. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin da ɗagawa take canzawa

A mota mai jan ƙafa huɗu, ƙarfin inji yana ratsa giyabos ya shiga oksilari, shi kuma ya raba shi gida biyu, farfela ɗaya ta kai wa aksil ɗin baya, ɗaya ta kai wa na gaba. Inji da giyabos da oksilari a jikin shasi suke ɗaure. Aksil kuwa yana ƙasa tare da tayoyi, yana hawa da sauka bisa sifirin. Farfela ce ta haɗa abin da yake tsaye da abin da yake motsi, shi ya sa aka yi mata gaɓa a kowane ƙarshe, aka kuma yi mata wurin zugewa mai haƙora, inda take ƙara tsawo ko ta rage.

Ɗagawa iri biyu ce. Akwai wadda ake sa roba ko ƙarfe tsakanin bodi da shasi. Wannan ba ruwanta da farfela, domin shasi da aksil suna nan inda suke. Akwai kuma wadda ake yi ta sifirin, wadda take nisanta shasi daga aksil. Ita ce take ɗaga bakin oksilari ta bar aksil a ƙasa, sai farfela ta ƙara sunkuyawa, ta kuma zugo daga cikin haƙoranta.

Amurka ce cibiyar wannan sana'a. A can ana sayar da kayan ɗagawa a kwali, na inci 2, na inci 4, na inci 6, masu Jeep da Ford da Chevrolet suna sa manyan tayoyi suna hawan duwatsun Moab a jihar Utah. A Ostareliya ana ɗaga Land Cruiser da Hilux saboda doguwar tafiyar daji da kaya. A wajenmu dalilin ya fi karkata ga lodi: motar da take tashi daga Agadas zuwa Dirku da jarkokin mai da ruwa da mutane, ko wadda take shiga ƙauyuka da damina ta ɗauko buhuna, sifirin ake ƙara mata don kada ta zauna a kan tayoyinta. Dalilai sun bambanta, amma abin da yake samun farfela iri ɗaya ne ko'ina.

Halin kuros

Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu, siffar alamar tarawa. Kowane hannu yana cikin ɗan kofi mai ɗauke da siraran allurai na ƙarfe, kofunan kuma suna zaune a cikin gwafa biyu da suka sarƙe da juna. Turawa suna danganta wannan gaɓa ga Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, da kuma Robert Hooke na Ingila, wanda ya wallafa bayaninta a 1676. Wanda ya shigar da ita harkar mota sosai shi ne Clarence Spicer, da ya yi rajistar ƙirarsa a 1903 yana ɗalibi a Jami'ar Cornell, a zamanin da motoci da yawa da sarƙa suke juya tayoyinsu. Kamfaninsa ne ya zama Dana na yau, kuma har yanzu ana buga sunan Spicer a jikin kuros.

Hooke ya lura da wani hali na wannan gaɓa wanda shi ne tushen duk abin da za mu faɗa a babin nan. Idan sanduna biyu da kuros ya haɗa suna miƙe a layi ɗaya, gudunsu ɗaya ne. Da zarar an karkata su, ko da ta farko tana juyawa da gudu madaidaici, ta biyu sai ta riƙa yin sauri tana lafawa, sau biyu a kowane zagaye. A digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba. A digiri 10 ya kai kusan kashi 1.5 cikin 100 sama da ƙasa. A digiri 30 sandar takan zarce da kashi 15 cikin 100, ta kuma koma baya da kashi 13.

Dabarar masu ƙera mota ita ce su sa kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, na biyun ya warware abin da na farko ya ɗaura. Wannan ba ya yiwuwa sai an cika sharaɗi biyu. Na farko, gwafar gaba da ta baya na jikin bututun su kasance a saiti ɗaya. Na biyu, kusurwar kuros ɗin gaba da ta na baya su zama daidai. Ƙa'idar da Spicer yake ba makanikai ita ce kada bambancin kusurwoyin biyu ya wuce digiri 1, kuma kowace ta tsaya a digiri 3 ko ƙasa idan ana son kuros ya yi tsawon kwana. Ba a kuma son kusurwar ta zama sifili, domin idan babu ɗan karkace allurai ba sa birgima, sai su tsaya wuri ɗaya su huda hannun kuros.

Gudu ma yana da nasa hukunci. Hilux mai taya inci 31 da aksil mai rabon 4.1, idan tana tafiyar kilomita 100 a awa, farfelarta tana zagaye kusan 2,800 a minti ɗaya. Jadawalin Spicer ya nuna cewa a zagaye 3,000 iyakar abin da kuros zai ɗauka bai kai digiri 6 ba, alhali a zagaye 1,500 yana ɗaukar fiye da 11. Wannan ne ya sa motar da take lafiya lau a cikin rairayi ko a hanyar gona take fara kaɗawa da zarar ta hau kwalta.

Gajeriya ta fi shan wuya

Ɗagawa iri ɗaya ba ta yi wa kowace mota illa iri ɗaya. A ɗaga mota da santimita 10: idan tsawon farfelarta santimita 150 ne, karkacen da ya ƙaru bai kai digiri 4 ba, idan santimita 50 ne, ya haura digiri 11. Saboda haka farfelar gaba, wadda kusan kullum ita ce gajeriya, da motoci masu gajeren shasi, su suka fi kawo ƙara.

Jeep Wrangler ƙirar TJ, wadda aka yi daga 1997 zuwa 2006, ita ce misalin da makanikan Amurka suka fi sani. Farfelarta ta baya gajeriya ce ainun, kuma wurin zugewarta a bakin oksilari yake, ya cinye wani yanki na tsawon. Da an ɗaga ta inci 3 ko 4 sai karkarwa ta fara. Maganin da ya zama ruwan dare shi ne a cire wannan dogon baki a sa gajere mai gwafa a ɗaure, a samu ƙarin tsawo, sannan a sa farfela mai kuros biyu a haɗe. Wrangler ta bayanta, JK, ta zo da wata irin gaɓa mai ƙwallaye wadda Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford, ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1920. Ita ba ta da matsalar sauri da lafawa, amma a cikin rigar roba take. Idan karkace ya yi yawa robar ta tsage, giris ya watse, ƙasa ta shiga, gaɓar ta mutu.

Irin wannan gaɓa ce a shaf ɗin gaba na Hilux na zamani, waɗanda kowace tayar gaba take motsi ita kaɗai. Ɗaga gaban irin wannan mota bai taɓa farfelar gaba sosai, domin akwatin aksil ɗin a jikin shasi yake, amma yana karkata shaf biyu masu zuwa tayoyi. Alamar ita ce robar da take yawan yagewa da ƙarar ƙas-ƙas idan an karya kwana. Land Cruiser 79 kuwa gaba da baya duk sandararren aksil ne, don haka farfelolinta biyu duk suna jin ɗagawar.

Abin da mota take faɗa

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a tambayi direba. Bakanike mai hankali zai ce: "Alhaji, yaushe take kaɗawa? Da ka taka totur, ko sai ta ɗau gudu?" Amsar ita ce rabin aikin.

Karkarwar da kusurwa take haddasawa tana bin totur. Tana zuwa idan an taka, ta ragu ko ta sauya idan an saki, wani lokaci kuma a ji motar ta yi gur-gur a daidai tashi. Karkarwar farfelar da ta lanƙwashe ko ta rasa balans gudu take bi: tana ƙaruwa yayin da mota take ƙara sauri, ko an taka ko ba a taka ba. Ta taya ta fi waɗannan nauyi da jinkiri, kuma idan ta gaba ce a sitiyari ake jin ta. Kuros da ya bushe yana ƙiƙ-ƙiƙ a tafiyar hankali, wanda ya ci kuma yana ƙwal idan an sa giya ko an koma ribas. Jan gari kamar tsatsa a bakin kofi alama ce cewa allurai sun fara niƙewa.

Tsohon kuros ma yana ba da labari idan an duba shi kafin a jefar. Hannun da ya yi tsaga-tsaga a jere, allurai ne suka nutse a cikinsa. Wanda ya yi shuɗi, zafi ne da rashin giris. Idan kuma aka ga gefen gwafa ya yi ƙyalli kamar an goge shi, to gwafa biyun suna cin karo da juna lokacin da aksil ya sauka ƙarshe. Ana tabbatar da haka ta hanyar ɗaga mota ta shasi, a bar aksil yana reto, a juya farfela da hannu. In ta cije a wani wuri, watarana a kan tudu za ta karye.

Awo

Ana awo ne mota tana tsaye a kan tayoyinta, a wuri mai baje, da irin kayan da ta saba ɗauka. Wannan sharaɗi yana da nauyi a wajenmu, domin motar da aka ƙara wa sifirin tana iya tashi sama sosai idan babu kaya, ta dawo daidai idan an loda ta. Dole mai mota ya faɗi a wane hali ta fi tafiya da gudu, a saita ta a kan wannan.

Ma'aunin kusurwa ba shi da tsada, wayar hannu ma tana da manhajar da take yin aikin. Awo uku ake ɗauka: gangaren bakin oksilari, gangaren bututun farfela, da gangaren hancin aksil, wato inda farfela take ɗaurewa. A ce bakin oksilari ya ba da digiri 3, bututu ya ba da 9, hancin aksil ya ba da 1, duk suna gangarowa baya. Kusurwar kuros ɗin gaba 6 ke nan, ta na baya 8. Bambancin 2 ne, ya wuce ƙa'ida, kuma 8 ta yi yawa ga tafiyar kwalta. Yanzu an san abin da ake gyarawa.

Gyara

A mota mai sifirin faifai, ana juya hancin aksil da wani ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya, da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa. A misalinmu, na digiri 2 zai ɗaga hancin ya zama 3, kusurwoyin biyu su daidaita a wajen 6. A nemi na baƙin ƙarfe, a ɗaure shi da santa bol ɗin sifirin, domin na alminiyam yana tsagewa ya fice. A sa sababbin kusoshi masu siffar U, a kuma sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki. A mota mai sifirin murɗe, hannuwan da suke riƙe aksil ake canzawa da masu ƙara tsawo.

Hilux mai gida biyu da ire-irenta suna da farfelar baya mai gaɓa biyu, da boris a tsakiya a jikin shasi. Idan an ɗaga su, rabin baya kaɗai yake sunkuyawa, sai a ji gur-gur a tashi. Ana sauko da boris ɗin tsakiyar kaɗan da 'yan faifan ƙarfe, a raba karkacen tsakanin gaɓoɓin. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa ana gwadawa, domin in ya wuce, karkarwar takan koma wani gudun. Wasu suna sauko da oksilari gaba ɗaya da kamar inci 1. Yana rage kusurwar baya, amma yana ƙara ta gaba, yana kuma mayar da cikin motar kusa da ƙasa, wato abin da aka ɗaga ta don gudunsa.

Idan kusurwa ta fi ƙarfin waɗannan dabaru, sai farfela mai kuros biyu a haɗe a ɓangaren oksilari, da ƙwallo a tsakaninsu mai raba karkacen daidai wa daida. Tagwayen suna warware junansu a nan take. Amma ƙa'idarta ta sha bamban da ta farko, kuma a nan ne da yawa suke yin asarar kuɗinsu. Tunda kuros ɗin da ya rage a wajen aksil ba shi da abokin warwarewa, dole a juya hancin aksil ya kalli farfela kai tsaye. A mota mai sifirin faifai ana barin sa ƙasa da digiri 1 zuwa 2, domin idan an taka totur aksil yana murɗawa hancin ya tashi. Wanda ya sayi wannan farfela ya bar hancin a yadda yake, karkarwarsa za ta fi ta da.

Aksil ɗin gaba yana da nasa tarko. Juya hancinsa sama yana rage jinginar da sandar juyin taya take yi baya, wadda ita ce take sa sitiyari ya dawo tsakiya bayan kwana. In ta ragu, mota ta riƙa yawo a kan titi. A nan sitiyari ake fara bai wa haƙƙinsa. A motar da ake cire jan gaba a kwalta, farfelar gaba ba ta juyawa da gudu idan an buɗe makullan tayoyi, don haka ɗan ƙarin kusurwa ba ya damunta. Motar da jan ƙafa huɗunta na dindindin ne, kamar yawancin Land Cruiser 80, ba ta da wannan sauƙi.

Sai batun tsawo. Haƙoran zugewa suna bukatar rara ta ɓangare biyu. In sun zugo da yawa, farfela tana lilo, kuma tana iya zarewa a rami. In ta yi tsawo fiye da kima, ranar da aka loda motar ta faɗa gargada sai ta daki oksilari ta fasa shi. Ƙara tsawon farfela aikin masu injin feƙe ƙarfe ne: a sa sabon bututu, a saita gwafa, a auna miƙewarsa, a yi masa balans. Mai walda na bakin titi zai iya haɗa ta ta yi ƙarfi, amma ido ba ya ganin lanƙwasar milimita 1, ita kuwa mota tana jin ta a zagaye 2,800.

Haɗawa da giris

Kafin a zare farfela, a ja layi da fenti a kan haƙoranta da kan faifan ɗaurinta, don ta koma yadda ta fito. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya ɓata saitin gwafa. Wajen sa kofi, matse shi ake yi da bais. Dukan guduma yana kayar da allura ta kwanta a gindin kofi, sai zoben makulli ya ƙi shiga. Wanda ya tilasta shi ya kashe kuros tun bai fita gareji ba.

Yawancin farfelolin Hilux da Land Cruiser suna da nonon giris a kowane kuros da kuma wurin zugewa. A kuros, a yi ta bugawa har sabon giris ya fito ta kofuna huɗu. A wurin zugewa kuwa kaɗan ya isa, domin in aka cika shi ba ya iya matsewa, sai ya riƙa tura boris ɗin oksilari. Duk motar da ta ratsa kogi ko ta kwana a taɓo tana bukatar giris a ranar, ba sai lokacin juyen mai ya yi ba. Manyan tayoyi kuma suna ƙara nauyin da kuros yake ja, haka ma tafiya da jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, inda gaba da baya suke murɗe juna ba wurin zamewa.

Idan ta yanke a hanya

Karyewar kuros ɗin gaba na farfelar baya ita ce mafi haɗari, domin kan bututun yana faɗowa ƙasa yana kallon gaba, yana iya cakewa ya ɗaga bayan motar. Masu tseren mota a Amurka suna kewaye bututun da zoben ƙarfe kusa da wannan kuros don ya tare shi, kuma duk mai walda zai iya yin irinsa.

In abin ya faru a daji, a fara sa wa tayoyi weji kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, domin da an cire farfela giya ba ta riƙe mota, haka ma hambirki idan a jikin oksilari yake. A kwance farfelar baya gaba ɗaya, a kulle tayoyin gaba, a sa jan ƙafa huɗu, a tafi a hankali da gaba kaɗai. A Hilux da Land Cruiser bakin oksilari a rufe yake, mai ba ya zuba. A motar da gwafarta take zugewa cikin oksilari, sai an toshe bakin da leda ko gindin gora an ɗaure, in ba haka ba mai zai tsiyaye.

Mai shirin ɗaga mota ya tuna cewa sifirin ba ya nisanta tulun sandararren aksil daga ƙasa ko da yatsa ɗaya. Taya ce kaɗai take yin haka. Saboda haka ya fara zaɓar tayar da aikinsa yake bukata, ya ɗaga motar gwargwadon abin da zai ba tayar da kayan wuri, ya tsaya a nan. A yawancin Hilux da Land Cruiser wannan bai wuce santimita 5 ba. Ya sa a auna kusurwoyin uku kafin a taɓa sifirin, a rubuta a takarda, a sake aunawa bayan an gama, kuɗin gyaran farfela kuma ya shiga cikin cinikin tun farko.